Saje Birki da Ɗigo Huɗu

A barikin sojan sama ba mai kiransa da sunansa na gaskiya. Saje Birki ake ce masa, tun daga Kanar har mai sharar ofis, kuma ba a banza sunan ya bi shi ba. Mutum ne da in aka ce masa ya yi maza, sai ya ce a ɗan dakata. Ko shayi aka miƙa masa sai ya leƙa cikin kofin kafin ya kai baki. Matarsa, wadda yake kira Malama saboda tana koyarwa a firamaren bariki, takan ce ranar da gobara ta kama gidansu sai ya tsaya ya tambayi wutar daga ina take kafin ya nemi bokiti.

A garejin mahaifinsa ya tashi. Uban bakaniken manyan motoci ne, irin wanda ba ya buɗe inji sai ya sa direba ya ja motar ya je ya dawo, shi kuwa yana tsaye bakin titi hannu a ƙugu yana kallo. Daga tafiyar mota yake gane ciwonta: wannan kaya sun fi ƙarfinta, waccan giya ta biyu ta mutu, waccan kuma direban ne ba shi da hankali. Birki bai gaji garejin ba, yayansa ne ya gada, amma ya gaji idon. Ya shiga soja a matsayin bakanike, ya shekara tara ƙarƙashin tankokin da ke kai wa jirage mai. Wata rana wani manjo ya ji shi yana cewa tankar da ke tahowa can ƙarshen fili rabin ciki gare ta, ba a cika ta ba. Aka duba, haka ne. Da aka kawo jirgin leƙen asiri ana neman masu zama gaban allo, manjon nan ne ya rubuta sunansa da hannunsa.

Innarsa ta bi maƙwabta gida-gida tana cewa ɗanta ya zama matuƙin jirgi. Ya gaji da gyara mata.

"Inna, ni fa ko taga ba ni da ita."

"To a sama kake ko a ƙasa?"

"A sama."

"Shi ke nan, ka bar ni da mutanena."

Gaskiyarsa ce, ba taga. Cikin jirgin kamar doguwar motar haya ce da aka toshe gilasanta aka jera alluna. Kujeru biyar ne, kowa da abin sauraro a kunne, ga sanyi mai ratsa ƙashi saboda na'urorin ba sa son zafi, har sai mutum ya sa safa biyu. A ƙarƙashin jirgin aka ɗaura rada, na'urar da ke hango duk abin da ke motsi a ƙasa daga nisan kilomita ɗari da ɗoriya. Ba ta nuna launin mota, ba ta nuna wanda ke ciki. Ɗigo kawai take sa wa a kan taswira, ƙarami kamar kan allura, da gudun da yake yi da inda ya dosa. Mota na tsayawa, ɗigon ya ɓace. Akwai kyamara da ke iya nuna motar ƙiri-ƙiri, amma sai jirgin ya matsa kusa, kuma gajimare kaɗan ya isa ya rufe mata ido. Mai riƙe da ita wata kofur ce siririya mai tsiwa, ana ce mata Tsinke.

Shekara shida Birki ya yi yana kallon ɗigo, awa takwas a kowane tashi. Ya san motocin kasuwa da lokacin fitarsu, ya san tarakta daga yadda take kai da komowa a wuri ɗaya. A gida ba ya maganar aiki. In 'yarsa ta fari ta tambaye shi abin da ya gani yau, sai ya ce tururuwa ya ƙirga.

Ranar da ta raba rayuwarsa biyu wata Talata ce a tsakiyar damina. Kwana uku kafin nan 'yan bindiga sun faɗa wa wani sansani, sun kashe sojoji, sun tafi da motoci. Labari ya zo cewa za su taho da mota huɗu su karya gadar babban kogi, wadda ita kaɗai ce ta haɗa garuruwan yankin da asibiti da kasuwa. Aka rufe babbar hanya, aka sanar a rediyo kada mota ta motsa kwana biyu. Saboda haka duk abin da ya motsa a daji ranar, abin zargi ne.

Jirgin ya tashi ƙarfe bakwai na safe. Shugaban masu allo wani kyaftin ne matashi, mai ladabi, wanda amininsa na cikin waɗanda aka kashe a sansanin. Tun da suka tashi bai zauna ba. Wajen ƙarfe goma Birki ya ga ɗigo biyu can arewa suna sheƙa gudu, suka shiga wani kurmi suka ɓace. Ya sa alama a wurin, ya faɗa wa Kyaftin. Suna cikin jiran su sake fitowa, sai ga wasu a kudu, a kan wata tsohuwar hanyar shanu da ta zagaye babbar hanya ta nufi gada.

"Yallaɓai, ɗigo huɗu a kudu."

Kyaftin ya zo ya tsaya bayansa. "Nawa ka ce?"

"Huɗu."

Cikin minti biyu muryar Kanar ta shigo kunnuwansu daga ɗakin umarni a ƙasa. Ya ce akwai jiragen yaƙi biyu a sama, mansu zai kai minti arba'in. Ya ce kilomita tara gaban motocin nan gonaki da gidaje za su fara, in suka shiga can ba sauran damar taɓa su sai a bakin gada. Doka kuwa ta ce ba a harbi sai mai allo ya furta cewa ya tabbatar, ko kuma shugabansa ya ɗauki nauyin a wuyansa.

"Saje, ka tabbatar?"

"A ɗan dakata, ranka ya daɗe."

Birki ya matso da fuskarsa har numfashinsa na taɓa allo. Abin da ya fara damunsa gudun ne. Kilomita goma sha takwas a awa, a hanyar da mota mai lafiya za ta yi arba'in. Sannan ta biyu da ta uku sun manne da juna, tazarar da ke tsakaninsu ba ta ƙaruwa ba ta raguwa, a kwana har sukan zama ɗigo ɗaya. Yana cikin kallo duka huɗun suka ɓace. Ya duba agogo. Minti huɗu, suka sake fitowa a daidai inda suka ɓace.

"Dubi na gaban nan," in ji Kyaftin, ya ɗora yatsa a allo. "Ya yi gaba ya dawo, ya sake yin gaba. Mai leƙen hanya ne."

"Ko mai neman inda ba taɓo, yallaɓai."

"Huɗu aka ce mana, Saje. Ga huɗu. A hanyar da ba kowa ke bi ba, ranar da aka hana fita."

"Haka ne, yallaɓai. Ina roƙon a matsa da jirgi kudu, kyamara ta gani."

Kyaftin ya dube shi. Dukansu sun san abin da wannan ke nufi. In jirgin ya yi kudu, kurmin arewa zai fita daga idon rada, kuma ɗigo biyun da suka shige can ba wanda zai ga fitarsu.

"Na arewa fa?"

"Ba zan gan su ba, yallaɓai."

Kyaftin ya cije leɓe, ya ce wa matuƙi ya juya. Jirgin ya karkata, biron Birki ya gangara ya faɗi ƙarƙashin kujera, bai bi ta kansa ba. Minti goma sha ɗaya suka yi a hanya. A cikinsu motocin sun sake tsayawa, minti huɗu cif, sun sake tashi. Saura kilomita shida su kai gonaki.

Da suka iso, Tsinke ta kunna kyamara. Allonta ya yi fari fat.

"Gajimare ne, yallaɓai. Kamar an shimfiɗa katifa."

"Nemi ƙofa."

"Nema nake. Ba ni na ɗinka shi ba."

A wata rana da an yi dariya. Muryar Kanar ta dawo, a wannan karon ba sassauci.

"Saje, saura minti goma sha tara jiragena su juya. Su ne ko ba su ba ne?"

"Ban sani ba, ranka ya daɗe."

"To me ka sani?"

Duk sanyin jirgin, gumi ya jiƙa masa hammata.

"Na san ta uku ba da injinta take tafiya ba, janta ake yi. Na san ta biyu, mai jan, tana zafi. Duk minti goma sha biyu sai sun tsaya sun zuba mata ruwa. A hawa kuma mai tafiya a ƙafa zai wuce su, kaya sun yi mata yawa."

"Ba tarihin gareji na tambaye ka ba. 'Yan bindiga ba sa jan mota?"

"Suna ja, ranka ya daɗe."

"To?"

"Amma wanda zai kai hari yakan yar da matacciyar mota ya loda mutanensa a sauran. Wanda ya ja ta cikin taɓo duk wannan nisa, ko dai tasa ce, ko abin da ke cikinta ba ya baruwa."

"Bama-bamai ma ba sa baruwa, Saje."

Birki ya san maganar gaskiya ce. Mota cike da bam ita ce daidai abin da ake kai wa gada, kuma ita ce ba a yarwa. In ya yi kuskure, gobe motar asibiti za ta iso bakin kogi ta tarar ba gada, sojojin da ke gadinta kuwa sai dai a tsinto su a ruwa, kuma kowa zai san bakin wa ya hana.

"Kyaftin," in ji Kanar, "kana da ikon ɗaukar nauyin. Saje ya kasa."

Hannun Kyaftin na kan bayan kujerar Birki. Ya sunkuyo, ya zare abin maganarsa daga baki don kada ƙasa ta ji.

"Saje, don Allah faɗa min abin da zuciyarka ta ba ka."

"Zuciyata ba ta gani, yallaɓai. Na faɗi abin da na gani. In ka ce a harba, ba zan ce ka yi ƙarya ba. Amma ni bakina ba zai ce na tabbatar ba."

Saura kilomita huɗu. Kyaftin ya miƙe, ya mayar da abin maganar.

"Ranka ya daɗe, a ba ni minti takwas. Za su sake tsayawa. In kyamara ba ta gani ba a lokacin, na ɗauka."

Minti takwas ɗin nan Birki bai ɗaga ido daga allo ba. Ɗigo huɗu na rarrafe a kan taswira, yana jin bugun zuciyarsa cikin abin sauraro. Matuƙi ya sauko da jirgin ƙasa fiye da yadda doka ta yarda, jirgin ya riƙa tsalle cikin iska kamar mota a kan gargada. Tsinke na ta juya kyamara tana magana ƙasa-ƙasa, ba a san ko addu'a take ko zagi ba. A minti na shida ɗigon suka ɓace, motocin sun tsaya. A na bakwai ta yi ƙara.

"Ga shi! Ga ƙasa!"

Gajimaren ya tsage kaɗan. Aka ga jar ƙasa da ruwa kwance, sannan babbar mota mai katako, an buɗe mata baki, wani mutum tsaye a kan taya yana tuttula ruwa daga jarka. A bayanta katifu ne, da kwanon rufi, da injin niƙa, da awaki ɗaure, da mata zaune a kan kayan sun rufe yara da zannuwa. An ɗaure mata wata tsohuwar bas da sarƙa. Ƙofar bas ɗin a buɗe take, wata mata na fifita wani da ke kwance. Ta gaba ƙaramar mota ce, ta baya kuma tarakta ce mai jan kekuna da buhuna. Kafin a ƙirga ashirin gajimaren ya sake haɗewa.

"Kada a harba," in ji Kyaftin. "Fararen hula ne. Na maimaita, kada a harba."

Daga baya aka ji mutanen wani ƙauye ne da 'yan bindiga suka ba su kwana ɗaya su tashi. Ba su ji sanarwar rediyo ba. Su sittin da uku ne, tsofaffi da marasa lafiya a cikin bas.

Tsinke ta buɗe gora ta miƙa wa Birki, ya sha ruwa. Jirgin ya juya arewa. Birki ya zuba wa kurmin ido har mai ya kusa ƙarewa, ba ɗigo ko ɗaya. Suka sauka ƙarfe uku. A bakin matakala aka tare su da labari: da ƙarfe biyu mota biyu sun faɗa wa shingen sojoji a hanyar arewa, sun kashe biyu, sun tsere. Cikin minti hamsin ɗin da jirgin ya yi a kudu suka fice daga kurmin.

Kwamitin bincike ya zauna bayan mako biyu, a wani ɗaki mai dogon tebur da fanka mai ƙara. Aka kunna muryoyinsu tun daga farko, Birki ya zauna yana jin kansa yana cewa bai sani ba. Aka tambayi wa ya ce a juya jirgi. Birki ya ce shi ya nema. Kyaftin ya miƙe ya ce shi ya ba da umarni. Kanar, wanda kowa ya zaci zai yi musu kaca-kaca, ya ce da shi ne a kujerar da ya harba, kuma yau da ba ya iya kallon 'ya'yansa, amma kuma sojojinsa biyu suna ƙasa, a rubuta duka biyun. Haka aka rubuta. Ba a hukunta kowa ba, ba a yaba wa kowa ba. Da jerin ƙarin girma ya fito a ƙarshen shekara, sunan Birki ba ya ciki.

A bariki mutane suka rabu. Wasu in sun gan shi sai su ƙame su sara masa tun daga nesa. Wasu kuma in ya zauna a kantin sojoji sai su ɗauki farantinsu su koma wani tebur. Ya rage cin abinci, ya rame. Malama ta zuba masa ido kwana da kwanaki, rannan da rana ta tarar da shi zaune a bakin gado da takalmi ɗaya a ƙafa.

"Baban yara, 'yar ɗaya daga cikin sojojin nan biyu da aka kashe a ajina take. Gobe kakanta zai zo ya kwashe su."

Ya ci gaba da kallon takalminsa.

"Ban ce ka je ba. Na dai faɗa maka. Amma wannan zaman da kake yi, mu ma muna cikinsa."

Washegari da hantsi ya tafi. Gidan na layi na uku, ɗaki biyu irin nasu. An tsayar da akori-kura a ƙofa, an fito da kujeru da tukwane. Matar mamacin na ciki tana naɗe labule. Uban mamacin kuwa wani dattijo ne dogo mai furfura, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, yana fama da igiya shi kaɗai. Birki ya gaishe shi, ya yi masa gaisuwar rashi, ya kama ɗaya bakin igiyar. Sun ɗaure kujeru, sun ɗora akwatuna biyu, kafin ya iya buɗe baki.

"Baba, ni ne mai allo a jirgin ranar."

Dattijon ya tsaya, ya dube shi tun daga hula har takalmi.

"An ce min akwai jirgi a sama. Na yi ta tambayar kaina, to me yake kallo?" Ya goge hannu a riga. "Ka gan su? Waɗanda suka kashe min ɗa?"

"Na gan su da safe, Baba. Sun shiga kurmi. Na sa aka juya jirgi wani wuri."

"Da saninka?"

"Da sanina."

Ya ba shi labarin duka, bai rage ba, bai yi wa kansa ado ba. Dattijon na saurare, idonsa a kan tayar motar. 'Yar yarinyar ta fito rungume da jakar makaranta, ta ga baƙo, ta koma.

"Su nawa ne a motocin?"

"Sittin da uku."

"Sittin da uku." Ya jinjina kai a hankali. "Ni ɗaya gare ni."

Birki ya sunkuyar da kai. Ya jira zagi, ya jira mari, har ya so a yi masa ɗaya daga ciki. Dattijon ya daɗe tsaye, gemunsa na motsi. Can ya ja dogon numfashi.

"Ba zan ce maka na ji daɗi ba, ƙarya ne. Ba zan ce ka yi laifi ba, ban isa ba. Ka dai zo da ƙafarka ka faɗa min, waɗanda suka kawo min takarda ba wanda ya iya." Ya juya ya nuna ƙofa. "Zo ka kama min gadon nan, ya fi ƙarfina."

Gadon ƙarfe ne, sai da suka karkata shi kafin ya fita. Birki ya riƙe wajen kai, yana tafiya da baya, dattijon na ce masa ya yi hagu, ya kula da dakali. Suka ɗora shi a kan kayan suka ɗaure. Matar ta fito ta kulle ɗakin, ta miƙa wa Birki mabuɗin ta ce ya taimaka ya kai ofishin gidaje. Ya tsaya a layin da mabuɗi a hannu har motar ta fita ƙofar bariki.

Ranar Litinin sunansa na kan allon masu tashi. Ya sa safa biyu, ya hau jirgi. Ya ƙara shekara huɗu a kujerar nan kafin ya yi ritaya, yana saje.